Jiran Ƙanƙara a Dutsen Stark

A bayan motar wani abokin aikina a Boston na fara ganin sunan. 'Yar takarda ce mai launin ja da fari, an manna ta a jikin bamba, an rubuta Mad River Glen, kusa da shi kuma wata gajeruwar magana wadda in an mayar da ita Hausa za a ce, “Ka gangaro shi in ka isa.” Daga ranar sai na riƙa ganin ta a motoci nan da can. Da na tambaye shi ko wane wuri ne wannan, sai ya ce dutse ne a jihar Vermont inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa shi ma yana cikin masu dutsen.

Na dube shi, na dubi motar. Tsohuwa ce, gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ya fara cin ƙasanta, shi kuma mutum ne da kullum yake zuwa ofis da abincin ranarsa a leda. A sanina, wanda aka ce yana da dutse ai sai attajirin da ke fasa shi da injuna yana sayar da tsakuwa. Nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Tun watan Disamba na 1995 wurin yake hannun ƙungiyar gama kai ta masu zamiya a kansa. Mai shi ta lokacin, Betsy Pratt, ta sayar musu a kan dala miliyan 2.5, suka biya da kuɗin hannun jarin da suka sayar wa junansu. Hannun jari ɗaya dala 2,000 ne, masu riƙe da shi kuma sun kai wajen mutum dubu biyu. Ba don cin riba ake saye ba. Abin da mutum yake samu shi ne rangwame a tikiti, da kuma bakin magana: shi zai zaɓi masu gudanarwa, in babban al'amari ya taso kuma sai an kaɗa ƙuri'a. Na ce masa wannan ai kamar masu ɗiban ruwa ne suka haɗa kuɗi suka sayi rijiyar. Ya ce haka abin yake, ya kuma ce in shirya, bana zai kai ni.

Tafiyar kwana biyu ce, amma shirinta ya ci mako shida.

Abin da na fara yi shi ne na ɗauko kalanda. Haka na saba: in za a yi biki ko a je ganin gida, a sa rana, a nemi hutu, a biya kuɗin mota, shi ke nan. Na zaɓi Asabar ta biyu a watan Janairu. Abokina ya girgiza kai, ya ce wannan dutsen ba a sa masa rana tun wata guda, sai dai a ware lokaci a zuba wa sama ido. Dalilin ya ba ni mamaki. Yawancin wuraren zamiya a gabashin Amurka ba sa jiran girgije. Suna da bututai da injuna masu fesa ruwa cikin iska mai sanyi da dare, ruwan ya daskare ya zubo kamar gari, manyan motoci masu sarƙa su baje shi kafin gari ya waye. Noman rani ke nan. A Mad River Glen kuwa injunan kaɗan ne, a gindin dutsen kawai suke aiki, can sama sai abin da Allah ya saukar. In bai sauka ba, hanyoyi da yawa a rufe suke. In ya sauka sannan ɗumi ya biyo baya da ruwan sama, kamar yadda yakan faru a tsakiyar sanyi a wannan yanki, sai dusar ta narke, ta sake daskarewa, ta koma kamar gilashi. Kowace safiya suna fitar da rahoton abin da ya zuba da hanyoyin da ke buɗe, mutane kuma suna bin rahoton nan kamar yadda manomi ke duban gabas in hadari ya haɗu.

Asabar ɗin da na zaɓa, ruwa aka wuni ana yi.

A makon ne na yi waya da Baffana, wanda ya shekara fiye da hamsin yana noman gero da dawa a ƙauyenmu. Bayan gaisuwa na ce, “Baffa, ka ji wani wuri, ga injin da zai yi musu ƙanƙara, amma sun gwammace su jira ta sama.” Ko kaɗan bai yi mamaki ba. Ya ce, “Ai kai ne ka manta, ɗana. Wa ya taɓa sa wa shuka rana? Iri kake tanada da sungumi, in ruwa ya sauka ka fita.” Maganar ta zauna mini. Shekarun da na yi a birni da ofis sun koya mini cewa duk abin da na biya kuɗinsa dole ya same ni a ranar da na ce, har na ɗauka haka duniya take tun asali. Sai ga shi a ƙasar da na zata komai da agogo yake tafiya, wasu mutane sun mayar da ni kan abin da aka haife ni a ciki.

Sai na koma tanadin iri da sungumi. Nan ma'aunin yanayi ya so ya ruɗe ni. Amurkawa da Faranhait suke awo, mu kuma mun saba da Salsiyos. In rahoto ya ce digiri 5 a saman dutse, a lissafinmu 15 ke nan ƙasa da sifili. Sanyin hunturun da na sani, wanda ke fasa leɓe da dunduniya ya sa tsofaffi su kwana da kaskon wuta, da wuya ya sauko ƙasa da digiri 10 a saman sifili. Dabarar da na zo da ita daga gida ita ce a jibga kaya masu kauri, riga a kan riga. Abokina ya buɗe jakata ya ware duk wani abu na auduga gefe guda. Ya ce auduga tana shan gumi ta riƙe, da mutum ya tsaya sai ta zame masa jiƙaƙƙen zane a jiki cikin iskar da ke daskarar da ruwa. Ni da na tashi ina ganin babu tufar da ta kai ta auduga kirki, sai da na yi jim. Hawa uku ake sawa: ta ciki mai bin jiki ta ulu ko ta zaren roba, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Safa kuwa guda ɗaya a kowace ƙafa, domin in an ninka, takalmin zai matse, jini ya kasa zagayawa, yatsu su fi yin sanyi. Na ari safar hannu da tabarau mai rufe rabin fuska. Allunan zamiya, da takalmansu, da sanduna, da hular kwano, duk ana ba da hayarsu a gindin dutsen.

Wajen sayen tikiti na gane abin da ake nufi da wuri mai zaman kansa. Manyan kamfanoni biyu ne suka fi rinjaye a harkar zamiya a Amurka yanzu. Vail Resorts yana da wurare fiye da 40, ya kuma fito da katin shekara mai suna Epic a 2008. Alterra ya biyo da nasa, Ikon, a 2018. Mutum ya sayi katin tun kafin sanyi ya shigo, ya shiga duwatsu da dama da shi. Wanda bai saya ba ya je taga neman tikitin yini ɗaya, a wasu manyan wuraren Kolorado yakan biya fiye da dala 250. Maƙwabtan Mad River Glen sun riga sun shiga: Vail ya karɓi Stowe a 2017, Sugarbush kuma, wanda jerin tsauni ɗaya suke kai, ya koma hannun Alterra a 2020. Shi wannan ya rage kamar mai shago ɗaya a layin da manyan kantuna suka mamaye. Babu otal a gindinsa, sai ƙananan masaukai a garuruwan kwarin, Waitsfield da Warren. Da na kira wani daga cikinsu, tambayata ta farko ita ce ko za su yarda in sauya rana in sama ta saɓa. Matar da ta ɗauki wayar ta amsa kamar wadda ta saba jin tambayar.

Ran wata Lahadi da dare a farkon Fabrairu wayata ta yi ƙara. Kwana biyu ana zuba ƙanƙara a can. Abokina ya ce, “Gobe da asuba.”

Daga Boston tafiyar kilomita wajen 300 ce, sa'a uku da rabi, a ratsa jihar New Hampshire ta babbar hanya mai lamba 89, a sauka a hanya ta 100, sannan a hau ta 17 mai lanƙwasa zuwa cikin duwatsu. Motar tana da tayoyin sanyi masu zurfin zane. Abokina ya ce ba zai hau wannan hanyar ba tare da su ba. Mun daɗe da shiga Vermont ina jin wani abu ya ɓace a gefen titi ban gane ko mene ne ba, sai can na lura babu allon talla ko ɗaya. Jihar ta haramta su tun 1968. Daji ne fari fat, da rumbunan shanu jajaye, da hayaƙi yana tashi daga rufin gidaje. A Waitsfield muka bi ta wata gadar katako mai rufi kamar zaure, wadda aka gina a 1833 a kan kogin Mad, wato Mahaukaci, kuma har yau motoci suna bi ta cikinta.

Dutsen ya ci sunan Janar John Stark na yaƙin neman 'yancin Amurka. Na zo da tunanin zan ga abin da ya taɓo sama, sai na tarar ƙololuwarsa mita 1,100 ce da 'yan kai. Garin Jos ya fi shi nisa daga teku. Masu zamiya ba wannan suke dubawa ba, gangarar suke aunawa, ita kuwa daga sama zuwa ƙasa mita 620 ce, mai tsayuwa ƙwarai, cike da itatuwa da duwatsu.

Muka ajiye mota a wani fili a tsallaken titi, muka ɗauki kayanmu a kafaɗa. Ginin da ke gindin dutsen, wanda suke kira Basebox, na katako ne, tsoho, cike da ƙamshin miya da na jiƙaƙƙen ulu. Mutane sun zauna a bencina suna fama da takalma, kowa ya tura jakarsa a ƙarƙashin tebur ko a kan kanta ya fita, ba kwaɗo ba mai gadi. Na ga dattijo da rigar sanyi da aka toshe hujinta da salatif, na ga uwa durƙushe tana ɗaure wa yarinya 'yar shekara huɗu hular kwano. Mutane suna kiran juna da suna daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya fi kama da zauren unguwa ranar suna.

A waje kuma ga abin da ya sa sunan wurin ya yi nisa. Igiyar ƙarfe ce ta tashi daga gindin dutsen ta bi ta kan turaku har ta ɓace cikin hazo, a jikinta an rataye kujeru ɗaiɗai, kowace ta mutum ɗaya tak. Na tsaya kusa ina kallo. Mutum zai zame ya tsaya a kan layi, ya juya ya dubi baya, ma'aikaci ya tare kujerar da hannu don kada ta buge shi, ya zauna, ya jawo ƙarfen kariya gabansa, sai kawai ƙafafunsa su bar ƙasa. Daga nan shi kaɗai ne wajen minti goma, ba abokin hira, sai iska da ƙarar taya in kujerar ta wuce turke. Roland Palmedo, wani ma'aikacin banki daga New York da ya taimaka wajen kafa irin wannan na'ura a Stowe, shi ya buɗe wurin a 1948, yana son dutsen da wasan ne a gaba, ciniki a baya. Kujerar tun ta lokacin ce. Irinta biyu suka rage suna aiki a Amurka, ɗayar tana garin Cordova a Alaska.

Da ta tsufa, masu hannun jari suka zauna. Da sun sayi sabuwa mai ɗaukar mutum biyu, da ta fi arha, ta kuma rage layi. Suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi a gyara tsohuwar. A 2007 aka sauke turakun aka kankare su aka mayar, aka ƙera kujeru daidai da siffar na da, aka cire injin dizal aka sa na lantarki. Aikin ya ci wajen dala miliyan 1.8, an tara kaso mai yawa ta gudummawa da sayar da tsofaffin kujerun ga masu son ajiye su. A 2012 gwamnatin Amurka ta sa wurin cikin rajistar wuraren tarihi na ƙasa.

A raina na ce da ni ne da sabuwa zan saya. Ina ganin layin nan na mutane tsaye cikin sanyi, ina tuna duk layin da na taɓa bi a rayuwa, na mai, na banki, na asibiti, ban taɓa jin wanda ya zaɓi layi da kansa ba. Na faɗa wa wata dattijuwa da muka zauna benci ɗaya. Ta ce in yi lissafi: wannan kujerar mutum wajen 500 take kaiwa sama a sa'a, ta zamani kuwa takan kai fiye da 2,000. Duk wanda aka kai sama dole ya gangaro. Hanyoyin nan matsattsu ne, an yanka su suna bin yadda dutsen ya lanƙwasa, in aka zuba musu mutane ninki huɗu, dusar ba za ta kai azahar ba. Ta ce gara ta yi jira a ƙasa ta sami dutsen a sama ba kowa.

Ban hau kujerar ba. Daga samanta hanyoyi irin su Paradise da Chute suke gangarowa, masu alamar baƙin lu'ulu'u ta hanyoyi masu wuya, inda ƙafafun masu wucewa suka tara dusar tuli-tuli kamar kunyar doya a kan gangara mai tsayuwa. Ni wurina Callie's Corner, wani ɗan fili mai sauƙi a gindi inda igiya mai mariƙi ke jan masu koyo. Malamin da aka haɗa ni da shi ya koya mini in haɗa kan allunan gaba in buɗe bayansu kamar bakin kibiya, in danna ƙafar hagu in ina son juyawa dama. Jikina ya yi ta komawa baya don tsoro, shi kuma yana cewa in jingina ƙaurina da harshen takalmin, domin wanda ya ja baya shi allunan ke gudu da shi. Na faɗi sau da yawa, dusar kuma sabuwa ce, ba ta da ciwo. Da yammacin rana ta biyu ya hau da ni wata kujera daban ta mutum biyu zuwa Birdland, sashen masu koyo, inda kowace hanya sunan tsuntsu gare ta. A can na tsaya tsakanin itatuwan da dusa ta lanƙwasa musu rassa, na ji shirun da ban taɓa jin irinsa ba, domin sabuwar dusa shanye sauti take yi. Ko a daji a gida akwai kukan wani abu. Nan numfashina kawai nake ji.

Musulmi zai so ya san abu biyu. Rana gajeruwa ce: azahar tana shiga da an wuce sha biyu, kafin ƙarfe biyar da 'yan mintuna magariba ta yi, kujerun kuma wajen ƙarfe huɗu suke tsayawa. Cire takalmin zamiya aiki ne, don haka na yi alwala tun a masauki na riƙe ta, na yi ƙasaru a wani lungu na benen Basebox, babu wanda ya dame ni. Abinci kuma a tambaya kafin a saya, domin naman alade yakan shiga har cikin miyar wake. Na tafi da dabino da gyaɗa a aljihun ciki. Na aljihun waje sanyi ya mayar da su kamar tsakuwa.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. Tun farkon shekarun 1990 wurin ya hana masu zamiya da faffaɗan allo guda, irin wanda matasa suka fi so, kuma masu hannun jari sun kaɗa ƙuri'a sun bar dokar. Wurare uku ne kawai a Amurka suke haka, sauran biyun su ne Alta da Deer Valley a jihar Utah. Ina ganin gidan da wani ɗa yake hawa allo guda sai dai a rabu a ƙofa, kuma wannan bai yi mini daɗi ba. Wasan kansa ma na masu hali ne, ko a wuri mai sauƙin kai irin wannan, kuma a kwana biyun da na yi baƙaƙen fatar da na gani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ga kuma sanyin yankin da ke ƙara gajarta, abin da ya fi taɓa wanda ya dogara da sama.

Duk da haka, a hanyar komawa ganuwar Kano nake ta tunawa, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, da yadda na sha wucewa ta gefenta ina ganin ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta, ban taɓa jin abin ya shafe ni ba. Kullum cewa nake aikin hukuma ne. Mutanen dutsen nan ba su fi mu son kayan kakanni ba. Su dai sun sa kuɗinsu, suna zuwa taro, suna jayayya, sun kuma yarda su tsaya a layi cikin sanyi saboda abin da suka zaɓa. Ban san ko nawa zan iya bayarwa daga aljihuna don wani abu na garinmu ya tsaya yadda yake ba, kuma kafin wannan tafiyar ban taɓa yi wa kaina tambayar ba.

Mai karatu, in hanya ta kai ka gabashin Amurka kana son zuwa, ka ware kwanaki tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Maris, ka zaɓi ranakun aiki, ka kauce wa makon hutun Ranar Shugabanni, wato Litinin ta uku a Fabrairu, ka kuma nemi malami tun kafin ka taso. In zamiyar ba ta gabanka, ka zo wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ganyayen dajin suke komawa ja da ruwan ɗorawa. A ranakun ƙarshen mako na lokacin sukan tayar da kujerar mutum ɗaya don masu kallo, a hau da takalmin ƙafa kawai. A lokacin nake da niyyar komawa, in Allah ya kai mu.